Amsa ga ƙanenmu da tsirkiyar bes ke ci wa yatsu

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce wata uku ke nan da ka fara koyon jitar bes, yatsunka sun yi bororo har sau biyu, wani kuma ya ba ka shawarar ka sayi tsirkiya mafi siranta. Ka dakata da sayen tukuna. Na shekara goma sha ɗaya ina kaɗa bes, daga coci zuwa gidajen biki a Kaduna da Jos, kuma kuɗin da na ɓarnatar a kan tsirkiya kafin in gane inda matsalar take sun isa su saya min ƙaramar amfilifaya.

Ka fara da duba wane hannu ne ke ciwo, kuma wane irin ciwo ne. Idan fatar bakin yatsa ce ke saɓulewa, to kaushin tsirkiyar ne. Idan kuwa tafin hannun hagu ne ke ƙagewa, babban yatsa yana tsami bayan minti goma, da wuya laifin tsirkiya ne. Tazarar da ke tsakaninta da wuyan jitar ce ta yi yawa. Bes ɗina na farko na hannu ne, kuma sai da na yi kusan shekara ina kokawa da shi, ina cewa ni ne rago, kafin wani dattijon makaɗi ya karɓa ya ce min wannan ai gada ce, ba jita ba. Ka samu rula ka auna daga saman firet na 17 (firet su ne ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar) zuwa ƙasan tsirkiyar E, wato mai kaurin. Ma'aunin da kamfanin Fender ke bayarwa milimita 2.4 ne. Nawa ya haura 4. Da aka sassauto da shi aka daidaita ƙarfen da ke cikin wuyan, da tsohuwar tsirkiyar nan dai, sai na ji kamar an canja min hannu. Kuma ka sani, a nan arewa gyaran ba na sau ɗaya ba ne. Hunturu na busar da katako, damina na kumbura shi, don haka ni sau biyu a shekara nake dubawa. Wani lokaci a watan Janairu har bakin ƙarafan firet kan fito ta gefe yana yankar yatsa, mutum ya yi ta zargin tsirkiya.

To idan tazara ta yi daidai, sai maganar naɗi. Yawancin bes da ake sayarwa da rawun suke zuwa, a kwalin za ka ga an rubuta roundwound. Zagayayyiyar waya ce aka naɗe a kan ta ciki, shi ya sa kake jin gurji-gurji in ka ja yatsa. Rotosound na Ingila ne suka yaɗa ta ga masu bes a 1966, tare da John Entwistle na ƙungiyar The Who, saboda yana son sauti mai ƙara kamar na fiyano. Sautin akwai daɗi, amma tasu ta ƙarfen da ba ya tsatsa ce, kuma ita ce ta fi kowacce cin fata. Mai rufin nikel, irin D'Addario EXL ko Ernie Ball Slinky, ta fi ta taushi a hannu sosai. Ga mai koyo ni ita nake cewa ya fara da ita. Sai dai akwai waɗanda jikinsu ba ya shiri da nikel: in ka ga ƙaiƙayi da ƙuraje maimakon bororo, ka bar ta.

Filat kuma, wadda ake rubuta flatwound, shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne aka naɗe aka goge, santsi kamar gilashi. Ranar da na fara sa ta na yi awa uku ina kiɗa ban ji komai a fata ba. Sautinta mai zurfi ne, irin na James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin waƙoƙin Motown a Amurka, wanda aka san shi da tsirkiyar La Bella kuma ba ya canja ta sai ta tsinke. Ga rege da waƙoƙin yabo masu sanyi babu kamarta. Amma ga tarkon da na faɗa: santsi daban, laushi daban. Na ji sunan Jamerson sai na nemo mai kauri irin tasa, mai lambar kauri 52 zuwa 110 (daga siririyar zuwa mai kaurin), na ɗaura. Fata ta huta, gaɓoɓi suka ɗauka, don danna ta kamar danna rodi ne. Daga baya na samu Thomastik ta Ostiriya, 43 zuwa 100, wadda ke da santsin kuma ba ta da taurin. Tsadarta ba a magana, amma shekara shida ke nan tana kan jitata. In kana son salon mari da fizga da ake yi a kiɗan fonk, filat ba za ta ba ka wannan ƙarar ba, kada in ruɗe ka.

Batun siranta da aka ba ka shawara, akwai gaskiya a ciki, rabi. Lambobin nan kauri ne: 45 zuwa 105 ita ce matsakaiciya, 40 zuwa 100 ta fi sauƙin dannawa. Can ƙasa da haka tsirkiyar kan yi lagwas, ta riƙa dukan firet tana zuza, sai ka ɗaga ta sama don maganin zuzar, ka koma gidan jiya. Wayar ciki ma tana da tasiri. Mai zagayayyen ciki, irin DR Sunbeams, ta fi mai kusurwa shida lanƙwasuwa ko da lambarsu ɗaya. In ka saye ta, ka lanƙwasa bakin da filaya kafin ka yanke, in ba haka ba naɗin zai warware sautin ya mutu tun ranar farko.

Akwai mai rufin baƙin nailan, taushi kamar ba ƙarfe ba. Na gwada na cire, domin a wuraren da wayarin ba shi da kyau amfilifaya kan yi gurnani, kuma taɓa ƙarfen tsirkiya ne ke rage shi, nailan kuwa ya hana. Mai rufin roba siririya irin Elixir tana taimakon mai yawan gumi, ni dai tana zame min.

Ka kula da jabu. Na taɓa saya a wani shago, kwali da tambari komai tsaf, kafin sati biyu ta yi tsatsa ta yanke ni. In farashin bai kai rabin na ko'ina ba, ajiye masa kayarsa. Ka auna tsawon jitarka ma, yawanci inci 34 ne, amma akwai gajeru masu 30.

Bororon hannun dama kuwa, sau da yawa daga fizga da ƙarfi ne don ka ji kanka a cikin ganguna. Ƙara murya a amfilifaya, ka sassauta hannu. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar, kanta za ta fito da kanta cikin 'yan makonni. Kada ka fasa bororon, kada ka kaɗa da hannun da ya jiƙa a ruwa, ka kuma goge tsirkiya da ƙyalle in ka gama. Ka auno tazarar nan ka faɗa min lambar da ka samu, da abin da ke rubuce a kan jitar, sai mu san wadda za ka saya.