Ceto, tsira, fansa da garkuwa a Littafi Mai Tsarki

Wata mai karatu daga Kafanchan ta ce a majami'arsu ana cewa Ubangiji ya cece mu, wani lokaci a ce ya fanshe mu, ko kuma mun tsira. Shin duk abu ɗaya ne?

Malama, 'yan gida ɗaya ne, amma kowa da aikinsa. Ceto sai da mai ceto: wani ne ke miƙo hannu ya fid da kai. Tsira kuwa ta wanda ya kuɓuta ce, shi ya sa ake cewa ya tsira da ƙyar, ba a faɗi wanda ya taimake shi ba. A Fitowa sura 14, Isra'ilawa sun tsira daga rundunar Fir'auna a bakin Bahar Maliya, amma Musa ya ce musu su tsaya cik su ga ceton Ubangiji. Da ya kira shi ceto, ya nuna musu mai aikin ke nan.

Fansa ta fi su nauyi, domin sai an biya. A da, bawa kan fanshi kansa, ko danginsa su fanshe shi. Wannan ma'anar ce a Markus 10:45, inda Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. Kada a rikita ta da ɗaukar fansa, wato ramuwa.

Wani dattijo daga Wusasa kuma ya ce jikokinsa na mamakin yadda Zabura ke kiran Allah garkuwa, alhali ba su san kalmar ba sai a labarin masu garkuwa da mutane.

Baba, wannan tambaya ta sosa mini rai. Asalin garkuwa ita ce faffaɗar fatar da mayaƙi ke tare kibiya da mashi da ita, har masarautu suka mai da ita sarauta. Mai garkuwa da mutum ya mai da shi abin kāre kansa ne ko jingina. A Farawa 15:1 Allah ya ce wa Abram kada ya ji tsoro, shi ne garkuwarsa. Dawuda ma haka ya kira shi a Zabura 18. A gaya wa yaran nan cewa tsohuwar ma'anar ita ce ta gari, 'yan bindiga aro suka yi.

Dattijon ya kuma nemi karin maganar da ta dace da wannan kāriya ta Allah. A ganina babu kamar wannan: zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Lura, ba a ce muzuru zai ɓace ba. Daniyel ma sai da ya kwana a ramin zakoki, mala'ika ya rufe bakinsu, da asuba sarki Dariyus ya zo ya same shi ba ko ƙwarzane.