Ruwan Jakara a lambu: taki ne ko cuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a gefen dam ɗin Wasai, ƙaramar hukumar Minjibir. Da rani ruwan yakan yi baƙi yana wari, amma latas da alayyahu sai su yi kore shar. Dattawanmu suna cewa fadama na wanke ruwa kafin ya iso mana. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dattawa sun yi gaskiya, amma da sauran magana.

Mu bi ruwan daga sama. Jakara, wato rafin da yake kawo wa dam ɗin ruwa, ta ratsa tsohon birnin Kano ta gefen kasuwar Kurmi, ta kwashi kwatamin gidaje, ta haɗa da jini da tumbi na mayanka. Can gaba rafin Getsi ya zubo mata da ruwan masana'antun Bompai, har da na masu jima. Duk wannan ne yake taruwa a Wasai.

Dattin iri biyu ne. Akwai mai ruɓewa, wato kashi, jini da ruwan wanke-wanke. Wannan kam fadama na iyawa da shi: kachala da ciyayi su rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, rana da ƙananan halittu su cinye saura. Shi ne takin da yake sa alayyahunka sheƙi. Na biyun shi ne abin tsoro: sinadarin kuromiyam da ake jimar fata da shi, da dalma. Su ba sa ruɓewa. Cikin laka suke kwanciya shekara da shekaru, kuma kayan ganye sun fi tumatir da masara zuƙarsu. Wankin ganye yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, amma abin da ya shiga ta saiwa ba ya fita.

Saboda haka kada ka jefa bakin tiyon injinka cikin laka. Ɗaure shi jikin jarka ya riƙa zuƙa daga sama. In da hali, haƙa rijiya ɗan nesa da gaɓa, ƙasa ta tace maka. Ka bi da ruwan ta kwari, kada ka watsa kan ganye, kuma ka tsayar da ban-ruwa kwana biyu ko uku kafin yanka. Latas, da ake ci ɗanye, ya fi cancantar ruwan rijiyar.

Sai yaranka masu tsayawa cikin ruwa ba takalmi. Wanda ka ga yana fitsarin jini, mai yiwuwa tsargiya ce daga dodon koɗin bakin dam. A kai shi asibiti, maganinta ƙwaya ce.