Kalmar "tuba" da rikicin malaman Turai a ƙarni na 16

Wani ɗalibin ilimin tauhidin Kirista ya aiko da tambaya: "Malam, a darasinmu na tarihin ikilisiya an ce malaman sikolastik da na humanis sun yi rikici, har kan kalmar tuba. Yaya za a kira su da Hausa, kuma me ya haɗa su da tuba?"

Ɗan'uwa, mu fara da sunayen. Sikolastik ta fito daga kalmar Latin schola, wato makaranta. Su ne malaman jami'o'i irin na Faris, masu warware mas'ala da manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, irin na Aristotil, masanin falsafar Girka. Tsarinsu a tsaye yake: a kafa tambaya, a jero hujjojin masu ja, a kawo nassin da ya saɓa musu, malami ya yanke hukunci, sannan ya bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya ya rushe. Haka Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya gina babban littafinsa. Ni "malaman manɗiƙi" nake kiransu.

Ɗaya ɓangaren, wato humanis, shi ne ke ba masu fassara wahala. Wasu kan rubuta "masu kishin ɗan Adam", kuma wannan kuskure ne, don mai karatu zai zaci marasa addini ake nufi. Sunan ya samo asali ne daga fannonin da suke koyarwa: nahawu, balaga, waƙa, tarihi da ilimin ɗa'a. "Malaman luga da adabi" ya fi dacewa da su. Kirarinsu shi ne ad fontes, a koma mafarin ruwa. Bahaushe ya riga ya faɗe shi: waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A karanta Sabon Alkawari da Girkancin da aka rubuta shi, ba ta bakin mai fassara ba.

To, sai tuba. A Matiyu 4:17, Girkanci ya ce metanoeite, ma'anarsa ku sauya tunani, ku juya zuciya. Fassarar Latin ta Jerom, wadda ake kira Bulgata, ta ce poenitentiam agite. A kunnen mutanen zamanin, wannan na nufin ku aikata ibadar tuba. Malaman manɗiƙi kuwa sun daɗe suna kasa wannan ibada kashi uku: nadama a zuci, furta zunubi da baki ga firist, da biyan ramuwa da aiki kamar azumi ko sadaka. Da Irasmus, ɗaya daga cikin malaman luga da adabi, ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a Basel a 1516, sai ya nuna cewa kalmar asali ba ta ambaci wani aiki na waje ba, ya kuma fifita resipiscite, wato ku dawo cikin hayyacinku. Malaman jami'o'in Lufen da Faris suka yi masa ca, suna cewa mai nahawu ya shiga gonar da ba tasa ba. Shekara guda bayan fitowar littafin Irasmus, a 1517, batu na farko cikin batutuwa 95 da Martin Luta ya rubuta yana ja da wasu ayyukan ikilisiyar Katolika a kan wannan aya ya tsaya. A 1546 Majalisar Tirent, wato babban taron shugabannin ikilisiyar Katolika, ta tabbatar da Bulgata a matsayin nassin da Katolika za su dogara da shi.

Abin da ya sa nake son wannan tambaya shi ne Hausa ta raba abin da Latin ta cakuɗa. Muna da nadama, wadda ita ce zafin da-na-sani a zuci. Muna da kaffara, aikin da ake yi don share laifi. Muna kuma da tuba, daga Larabcin tauba, tushenta komowa. Shi ya sa yaro idan ya ji bulala ya ce "na tuba", alkawarin dainawa yake yi, ba biyan komai ba. "Ku tuba" da ke cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa ta fi kusa da abin da Irasmus ya gani a Girkanci.

Amma kada a raina malaman manɗiƙi. Tambayarsu tana da nauyi: idan zuciya ta juya, wa zai mayar da haƙƙin wanda aka cuta? Wannan luga ba ta amsa ta. Idan kana fassara rubutunsu, sa "ibadar tuba" inda suke nufin kashi ukun nan, ka bar "tuba" ita kaɗai ga ayar.