Dolfin na iya zama a ruwan da masana'antu suka mamaye?

Ɗan'uwa daga Tudun Wada, ka tambaya ko dolfin na rayuwa kusa da tashoshin jiragen ruwa, da yadda ake sanin yawansu. Suna rayuwa, amma da ƙyar.

Da farko, ba kifi ba ne, yana shayarwa kamar ayu, kuma sai ya leƙo sama ya shaƙi iska. A nan masu bincike ke ɗaukar hoton fiffiken bayansa, domin kowanne da tabonsa, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa a Zango.

Dubi Hong Kong, bakin kogin Pearl a Sin. Farin dolfin na can ya fi son ruwa marar zurfi, inda kogi ya haɗu da teku, daidai inda ake cike gaɓa ana gini. A 2003 an ƙiyasta 188, zuwa 2017 saura 47. Da sauti yake farauta, ƙarar injin jirgi kuwa tana rikita shi. Ga raga, ga dagwalon masana'antu.

Ɗan'uwan wannan dolfin na gaɓar Afirka ta Yamma ma, tun 2017 IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin masu dab da ƙarewa. Kogin Kaduna dai, kada ka wahalar da idonka, babu shi.