Tsohon gida a bakin titi: ina ya kamata kuɗin gyara ya fara shiga?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari. Na sayi wani tsohon gida a Fagge, yana kallon gabas, a bakin titi. Katangar gaba ta ƙasa ce da aka shafe da siminti, sauran ginin bulo ne. Shafen yana zubowa, get ɗin ya yi tsatsa, kuma dillalai suna taya min hayarsa da araha. Ina so in yi masa fenti mai kyau in kuma fitar da shago biyu a gaba. Ya kuke gani?

Amsa: Alhaji, fenti shi ne abu na ƙarshe da za ka saya, kuma a cikin duk aikin shi ne mafi sauƙi. Abin da ke cin fuskar gidanka ruwa ne. Idan ba a tare shi ba, fentin da ka biya a watan Nuwamba zai kumbura ya ɓare kafin ƙarshen Agusta.

Fara da lissafi kafin ka kira birkila. Tambayi dillalai biyu ko uku, kowa daban, nawa ake biyan hayar gida irin naka a layin nan idan yana da kyan gani. Bambancin wannan kuɗi da abin da ake taya maka yanzu shi ne ribar gyaran. Misali kawai: a ce ana taya maka naira 600,000 a shekara, gyararre kuma yana kai 850,000. Ƙarin 250,000 ke nan. Ninka shi sau uku, ka sami 750,000, to iyakar abin da ya dace ka kashe a fuskar gidan ke nan. Abin da ya haura haka ado ne don jin daɗinka, haya ba za ta dawo maka da shi da wuri ba, domin unguwa ce ke yanke farashi. Kuma kada kuɗin ya fito daga jarin atamfa, musamman gab da azumi da sallah lokacin da kaya ke juyawa. Jarin shago yana juyawa sau da yawa a shekara, wanda aka zuba a bango sai ya jira ɗan haya.

Yanzu bi ruwan daga sama zuwa ƙasa. A ƙasar Kano hadari daga gabas yake tasowa, ruwan yana zuwa da iska yana dukan bangon gabas kai tsaye, ga shi gidanka can yake kallo. Sa kafinta ya hau ya duba kwanon rufi, ƙusoshin da suka saki, da katakon bakin rufi da ya ruɓe. Idan akwai indararo, a tabbatar yana jefa ruwa nesa da bango. Gajeren indararo mai tsiyayar da ruwa a jikin katanga shi ke jawo baƙin layin nan da ake gani daga sama har ƙasa. Kan katangar ma a yi masa hula ta siminti mai gangare, ta ɗan zarce bangon da kamar inci biyu ta kowane gefe.

Sai gindin bango. Tsofaffin gidajen bakin titi suna da matsala ɗaya: duk lokacin da aka sake zuba kwalta titi yana ƙara tudu, gida yana komawa rami. Ruwa ya kwanta a gindin katanga, bango ya sha, danshi ya hau sama. Alamarsa farin gari kamar gishiri a kan shafe, daga ƙasa zuwa kusan tsayin gwiwa ko ƙugu. Maganinsa a yashe kwatar gaban gida, a gyara inda ta fashe, sannan a zuba daɓen kankare mai faɗin santimita 60 zuwa mita ɗaya a gindin bango, mai gangarowa zuwa kwata. Kada a liƙa tayil a kan bango mai danshi don a ɓoye shi. Danshin zai haura saman tayil ɗin ya fito, ko ya ɓulla ta cikin ɗaki.

Batun shafe shi ne inda ake yawan asarar kuɗi. Ɗauki guduma ƙarama ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, shafen ya rabu da bango, sai a kankare shi duka, ba a liƙe shi. Siminti da ƙasa ba sa kama juna da kyau: ƙasa tana shan danshi ta kumbura ta kuma tsuke, siminti kuwa a sandare yake, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. Magabata da makuba suke shafe irin wannan bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Waɗannan suna barin bango ya bushe, amma suna son sabuntawa a kai a kai, ɗan haya kuwa ba zai yi maka wannan ba. Idan siminti za a mayar, a bar bangon ya bushe sarai, a kafa ragar waya da dogayen ƙusoshi a jikinsa, sannan a shafe. Idan kuma gindin katangar ya zaizaye har ya rame, ko ta karkata, rushe ta a tayar da ta bulo ya fi araha a kan gyara sau biyu. Tunda kana maganar shago, wataƙila nan za a ƙare.

A ɓangaren bulo, haɗin shafen waje buhun siminti ɗaya mai kilo 50 ne da kwanon sarki takwas na yashi mai tsabta, marar laka. A kaurin santimita ɗaya da rabi, buhu ɗaya zai rufe kimanin murabba'in mita 8. Auna tsawo da tsayin bangonka, ka ninka su, ka raba da 8, ka san buhunan da za ka saya kafin wani ya faɗa maka. Idan aka ƙara yashi don a rage siminti, shafen zai riƙa zubar da gari in an goga hannu. A yi masa ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, balle a hunturu da iska ke busar da shi kafin ya yi ƙarfi. Ƙananan tsagu kamar gashi ba abin damuwa ba ne. Amma tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har makulli yana shiga cikinta, wannan maganar harsashi ce, injiniya za ka kira.

Sabon shafe yana buƙatar mako uku zuwa huɗu kafin fenti. Wanda ya yi gaggawa zai ga launi yana dabbare-dabbare. A fara da shafin farko, sannan a bi da fentin waje sau biyu. Masu fenti suna son tsinka shi da ruwa don bokiti ya yi auki, don haka ka sayi kayan da kanka, ka bi abin da aka rubuta a jikin bokitin. Fari tas a bakin titin Kano wata biyu ne ya koma ja saboda ƙura. Ruwan ƙasa ko ruwan madara ya fi jurewa, a kuma yi wa mita ɗaya na ƙasa launi mai duhu, inda tartsatsin kwata da hannun yara ke taɓawa. Fenti mai kaushi yana ɓoye rashin daidaiton bango, sai dai yana riƙe ƙura.

Get ɗin, in ƙarfen bai huje ba, ba sai an canza shi ba. Mai walda ya yanke ƙasan da ya ci ya sa sabo, a goge tsatsa har ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fentin mai sau biyu. A tattara wayoyin wuta da suka yi rataya a gaban gida cikin bututu, a sa fitila mai aiki da hasken rana a saman ƙofa. Waɗannan ba su da tsada, kuma su mai neman haya ke fara gani.

Shagunan su ne za su iya biyan kuɗin aikin gaba ɗaya, amma da sharaɗi. Je ofishin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ka nemi izini kafin a fasa bango, kuma kada ginin ya hau kan kwata ko ya ci titi, don abin da aka gina a nan ana iya rushe shi. Kowace ƙofar shago tana buƙatar linta ta kankare da rodi a samanta. Kowane shago da mitarsa, in ba haka ba rigimar kuɗin wuta da mutanen cikin gida ba za ta ƙare ba. Ka kuma bar wa gidan mashigarsa daban, domin mai iyali ba zai biya haya mai kyau a gidan da matansa za su riƙa ratsa majalisar shago ba. Ka yi tunanin irin sana'ar da za ka bai wa: mai injin niƙa ko mai walda zai kore maka ɗan hayan ciki.

Wajen biyan ma'aikata, yi jinga da kowa a kan aikinsa a rubuce, a gaban shaida. Ba da kashi ɗaya cikin uku a farko, sauran bisa yadda aiki ya ci gaba, ka riƙe kashi goma cikin ɗari sai ka zo ka ƙwanƙwasa bangon da kanka. Rufi da kwata a gama su kafin watan Yuni. Shafe da fenti a bari sai ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi.