Na gina kenel ɗin Linux da kaina, sai kyamara ta daina aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon aikin kenel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urorin kwamfuta. Na ƙara layi ɗaya na pr_info, mai buga saƙo, a cikin uvc_probe, a fayil ɗin uvc_driver.c na uvcvideo, wato direban kyamarar USB, don in ga saƙona duk lokacin da na jona kyamarar USB. Na yi make localmodconfig don ginin ya yi sauri, na gina, na girka, na sake kunna kwamfuta. Yanzu babu /dev/video0, fayil ɗin da ke wakiltar kyamarar, saƙona ma bai fito a dmesg ba, inda ake ganin saƙonnin kenel. Na lalubo wani uvcvideo.ko a cikin /lib/modules na yi masa insmod don in shigar da shi cikin kenel, sai ya ce "Invalid module format". Gyaran da na yi ne ya ɓata direban?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya layi ɗaya na pr_info ya kashe direba. Abin da na fi zato shi ne kod ɗin da ka gyara ko gina shi ba a yi ba.

Zargina ya fi karkata ga localmodconfig. Wannan umarni yana duba modul, wato sassan da ake iya shigarwa da fitarwa, da ke cikin kenel a daidai lokacin da ka buga shi, wato abin da lsmod ke nunawa, sannan ya kashe sauran. In kyamarar ba a jone take ba a lokacin, an cire uvcvideo daga tsarinka ba tare da an sanar da kai ba. Ka shiga babbar foldar kod ɗin kenel ka buga grep USB_VIDEO_CLASS .config. In ka ga "is not set", ko ba ka ga komai ba, to ga matsalar nan. Ka buɗe make menuconfig ka kunna MEDIA_SUPPORT, MEDIA_CAMERA_SUPPORT da MEDIA_USB_SUPPORT, sannan ka sa USB_VIDEO_CLASS a matsayin m. Ina ba ka shawarar m, wato modul, a kan y, wato dasawa cikin kenel, domin direban da aka dasa cikin jikin kenel ba ya fita, duk ƙaramin gyara sai ka sake kunna kwamfuta.

Shi kuwa "Invalid module format" ba ya nufin fayil ɗin ya lalace. Kowane modul yana ɗauke da hatimin kenel ɗin da aka gina shi dominsa, ana ce masa vermagic. Ka kwatanta abin da uname -r ya ba ka da abin da modinfo -F vermagic ya nuna a kan fayil ɗin. Ina kyautata zaton wanda ka lalubo na tsohon kenel ne, wanda ya zo da kwamfutar. dmesg zai faɗa maka ƙarara, ko dai ya ce version magic bai dace ba, ko kuma, in an kunna MODVERSIONS, ya ce "disagrees about version of symbol". Kada ka kuskura ka tilasta shi da modprobe --force. Kana iya rikita ƙwaƙwalwar kenel, ka koma farautar kuskuren da ba naka ba.

Akwai wani tarko a nan da ke kama ko da waɗanda suka daɗe a harkar. In an kunna LOCALVERSION_AUTO, sunan kenel yana ɗaukar lambar git, kuma in akwai gyaran da ba ka adana a git ba sai a liƙa masa -dirty. Ma'ana, da ka taɓa fayil ɗaya ka sake cikakken gini, suna ya sauya, sabon modul ya tafi wani wuri daban a /lib/modules, kai kuma kana kan tsohon kenel. Mai koyo gara ya kashe wannan zaɓi tun farko.

Bayan ka yi make, make modules_install da make install, ka sake kunnawa ka tabbatar da uname -r. Daga nan gwaji ya zama mai sauƙi: make M=drivers/media/usb/uvc, sai modprobe -r uvcvideo, sai insmod na sabon fayil ɗin, kana kallon dmesg -w a wata tagar. Ka sani insmod ba ya ɗauko abokan tafiya, wato sauran modul da direban ya dogara da su, modprobe -r kuma yana fitar da su tare. uvcvideo ya dogara da videodev da dangin videobuf2, don haka in ka ga "Unknown symbol in module", ka duba modinfo -F depends ka shigar da su da modprobe tukuna, ko ka yi amfani da rmmod wanda ke cire shi shi kaɗai. In ya ƙi fita yana cewa ana amfani da shi, fuser /dev/video0 zai nuna manhajar da ta riƙe shi. "Key was rejected by service" kuma aikin Secure Boot ne, tsarin tsaro na lokacin kunna kwamfuta, yana ƙin modul ɗin da ba a sa wa hannu da makullin da ya sani ba.

To in modul ya shiga lafiya amma saƙonka shiru? uvc_probe ba ya tashi sai an sami na'urar da ta dace. Ka duba lsusb -v ka nemi bInterfaceClass 14, lambar ajin bidiyo ke nan. uvcvideo ya shiga kenel tun 2.6.26 a 2008 kuma yana ɗaukar mafi yawan kyamarorin USB, amma wasu tsofaffi na wani direba ne daban mai suna gspca, wasu kyamarorin sababbin laftof kuma ba ta USB suke bi ba, ta IPU6 na Intel suke bi tare da libcamera. In a kwamfutar kwaikwayo kake gwaji, kamar QEMU, sai ka miƙa mata na'urar USB ɗin da kanka, in ba haka ba ba za ta ganta ba.

Idan kyamara ta dawo, v4l2-ctl --list-devices zai iya nuna maka video0 da video1 a kyamara guda. Ba kuskure ba ne, tun kenel 4.16 na biyun na bayanan da ke rakiyar hoto ne, hoton kansa a na farko yake. In kana son ganin yadda direban ke tattaunawa da kyamarar dalla-dalla, ka shigar da shi da trace=0xffffffff, amma ka mayar da shi sifili da zarar ka gama, don yana cika dmesg cikin ɗan lokaci.