Tambaya da Amsa: Yarona a ofis yana da ADHD

TAMBAYA: Malam ina da shagon buga takardu da kwamfuta, akwai wani yaro a ƙarƙashina mai ƙoƙari sosai amma mantuwa kamar me, kullum latti, yanzu likita ya ce ADHD ce. In sallame shi ko kuwa? — Wani mai karatu daga Zariya

AMSA: Haba Alhaji, sallama kuma? ADHD ba lalaci ba ce, matsala ce ta ƙwaƙwalwa wajen riƙe hankali da lissafin lokaci, tun yarinta take farawa. A Ingila dokar daidaito ta 2010 har tilasta wa masu ɗaukar aiki take su yi wa irinsu sassauci in abin ya tsananta.

Ka daina jero masa aiki biyar da baki a tsaye, wallahi na uku ma ba zai kai ba, rubuta masa a WhatsApp ɗaya bayan ɗaya da lokacin da kake so a gama. Teburinsa kuma a janye shi daga bakin ƙofa inda kwastomomi ke surutu da ƙarar janareta, in ya sa iyafis kar a ce raini ne. Ya saita alam a waya, minti 25 aiki, minti 5 ya miƙe ƙafa. Zancen latti kuwa, in ba shi ke buɗe shago ba ka ɗan matsar masa da lokacin zuwa ya rama da yamma. Magani dai sai likita.